Gawar da Aka Hana Hutu: Tarihin Zombi Daga Gandayen Rake na Haiti Zuwa Allon Majigi

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a zaure ina duba waɗansu takardu, sai ɗan ƙanwata, wani saurayi mai natsuwa da ke karatu a jami'a, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Kawu, na san kana da sha'awar tarihin majigi. Abokaina sun dame ni da finafinan zombi, waɗannan na gawawwakin da ke tashi suna cin mutane. Wanne ne daga cikinsu ya cancanci mutum ya ba shi darensa?" Na ce masa, "Ɗana, tambayarka gajeruwa ce, amma jawabinta yana da tsawo, domin ba za ka iya rarrabe tsaki da tsakuwa a cikin wannan fanni ba sai ka san tushen da abin ya tsiro." Abin da na gaya masa a wannan yammaci, daga la'asar har aka kira magariba, shi ne na ga ya kamata in tsara shi a rubuce, la'alla wani ya sami fa'ida a ciki.

Tun da fari wajibi ne a kawar da shubuha guda, wato duk mai imani ya tabbata cewa wanda ajalinsa ya cika ya shiga barzahu ke nan, babu boka, babu matsafi, babu kuma wata ƙwayar cuta da za ta tashe shi kafin ranar da za a busa ƙaho. Saboda haka ba gaskiyar tashin gawa muke bahasi a kai ba. Abin da muke bi shi ne tarihin wani tsoro, domin kowace al'umma takan zuba abin da ya fi ci mata rai a cikin tatsuniyoyinta, kuma wanda ya yi tadabburi a kan dodon da mutane suka ƙaga, sau da yawa yakan gano zaluncin da aka yi musu wanda bakinsu bai iya furtawa a sarari ba. Babu kuwa wani dodo a duniya da wannan magana ta fi tabbata a kansa kamar zombi.

A cikin tekun Karibiyan akwai wani babban tsibiri wanda Sifaniyawa suka fara mallaka, har zuwa shekarar 1697 da suka sallama wa Faransa yankinsa na yamma, Faransawa suka raɗa masa suna Saint-Domingue, wanda shi ne ƙasar Haiti ta yau. Kafin a cika shekara ɗari wannan ɗan yanki ya zama mafi arzikin duk ƙasashen da Turawa suka mallaka a bayan teku, har ana lissafin cewa wajen kashi 40 cikin 100 na sukarin da ake sha a Turai, da fiye da rabin gahawarta, daga can suke fitowa. Wannan dukiya kuwa a kan wuyan bayi aka tara ta, domin a shekarar 1789 akwai bayi kusan rabin miliyan a ƙasar, alhali Turawan da ke mulkinsu ba su wuce 40,000 ba. Ko da yake mu ma ƙasarmu ta san bauta, ta san rinji da gandu, bautar rake wata aba ce dabam, saboda rake in an sare shi ba ya jira, tilas a matse shi kafin ruwansa ya yi tsami, don haka a lokacin girbi matsa ba ta tsayawa dare da rana, kuma bawan da gyangyaɗi ya ɗebe shi yana cusa kara, ƙarfe ya kama masa yatsu, sai dai a sare hannun don kada aiki ya tsaya. Mutuwa ta yi yawa har masu gandaye suka ga sayen sabon bawa ya fi musu araha a kan kiwon lafiyar wanda ke hannu, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1780 jirage suke sauke wajen mutum 30,000 kowace shekara don cike gurbin waɗanda ƙasa ta rufe.

Waɗannan bayin Allah daga sassa daban-daban na Afirka aka kwaso su. Akwai mutanen Kongo, su ne suka fi yawa, akwai mutanen Allada ta ƙasar Dahomey, akwai Yarabawa waɗanda ake kira Nago, akwai Ibo da Bambara, kuma a cikin takardun ƙidayar gandaye ana samun waɗanda Faransawa suka rubuta da sunan Aoussa, wato Hausawa, 'yan'uwanmu da yaƙi ko samame ya raba da gida, aka gangara da su bakin teku. Daga gamuwar waɗannan ƙabilu ne addinin Vodu ya haɗu, sunansa daga harshen Fon na Dahomey, ita kuwa kalmar zombi masana sun fi jingina ta ga harsunan Kongo da Angola, inda nzambi yake nufin abin bauta, nzumbi kuma ruhin mamaci. A cikin aƙidar waɗannan bayi akwai wani buri guda da ya rage musu bayan an ƙwace musu kome, shi ne cewa in mutum ya mutu ruhinsa zai ƙetare teku ya koma Ginen, wato Gini, sunan da suke kiran Afirka baki ɗaya, ya iske kakanninsa ya huta. Mutuwa ke nan ita ce takardar 'yancin da babu ubangida da zai iya yagewa.

To, a nan ne tsoron zombi ya shigo, domin shi ne labarin mutumin da aka ƙwace masa har wannan buri na ƙarshe. A bisa ga imaninsu, ruhin ɗan Adam kashi biyu ne: babban kashi mai riƙe da numfashi da motsin jiki, da ƙaramin kashi mai riƙe da hankali da tunani da iradar mutum. Wani matsafi da suke kira bokor, wanda ake biya ya yi aikin cuta, shi ake cewa yana kama wannan ƙaramin kashi ya rufe a kwalba, mutum ya faɗi kamar ya mutu, a yi masa jana'iza, da dare matsafin ya je ya kira sunansa a bakin kabari, ya fito da shi, ya ɗaure shi, ya kora shi wata gona mai nisa inda zai yi ta noma ba lada, ba magana, ba sanin kansa. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba ne ƙwarai, tun da yake mu ma muna da zancen maye mai kama kurwa, sai dai mayen namu ci ake cewa yana yi, shi kuwa bokor aiki yake sa wa, kuma wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya nuna abin da ya fi firgita mutanen da suka fito daga gandun rake. Mutumin Haiti ba ya tsoron zombi ya cuce shi, domin zombi abin tausayi ne, idonsa a ƙasa, muryarsa ta hanci, ba ya cizo, ba ya duka. Abin da yake tsoro shi ne a mai da shi zombi, ko a mai da ɗansa.

Saboda wannan fargaba ce waɗansu ta'adodi suka kafu a ƙauyukan ƙasar, waɗanda masu binciken al'adu suka gani da idonsu suka rubuta. Dangi sukan yi gadin kabari kwana da kwanaki har sai sun tabbata gawa ta fara ruɓewa, masu hali sukan gina kabari da dutse da siminti a bakin hanya inda ƙafa ba ta ɗaukewa, waɗansu kuma sukan zuba riɗi a cikin akwatin gawa, ko su sa allura marar kafa da zare, wai don mamacin ya shagala da ƙirga ko da neman zura zare, kada ya amsa kiran matsafi. Hatta hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba, domin tun ƙarni na 19 dokar hukunta laifuffuka ta Haiti ta tanadi cewa wanda ya ba wani abin da ya jefa shi cikin dogon suma, har aka binne shi a kan haka, hukuncinsa hukuncin mai kisan kai ne, ko da wanda aka binne ya rayu daga baya.

Bayin Saint-Domingue sun yi abin da babu waɗansu bayi da suka taɓa yi a tarihi, domin a watan Agusta na 1791 suka yi bore, suka ƙone gandaye, suka yi ta gwabzawa da rundunonin Faransa da Ingila da Sifaniya a ƙarƙashin jagorancin Toussaint Louverture, daga baya kuma Dessalines, har ranar 1 ga Janairu 1804 suka kafa ƙasa mai 'yanci. Amma duniyar Turawa ba ta yafe musu wannan nasara ba. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150, wai fansar dukiyar da masu gandaye suka rasa, alhali dukiyar nan su ne da kansu, kuma bashin da aka ci don biyan wannan diyya bai gama fita daga wuyansu ba sai 1947. A 1915 kuma sojan ruwan Amurka suka sauka a ƙasar, suka zauna har 1934, suka farfaɗo da aikin tilas na gina hanyoyi, ana ɗaure talakawa da igiya ana kora su bakin aiki, abin da ya tuna wa kowa zamanin da ake zaton ya wuce. A cikin wannan zama ne zombi ya ƙetara zuwa Amurka.

Wanda ya ƙetarar da shi wani ɗan jarida ne, William Seabrook, wanda a 1929 ya wallafa littafin The Magic Island, a ciki ya kawo wata hikaya da aka ba shi. An ce a shekarar 1918, da rake ya yi albarka har ma'aikata suka yi ƙaranci, wani tsoho ya zo kamfanin sukari na Amurkawa da ke kusa da Port-au-Prince yana kore da waɗansu mutane masu tsumma, marasa magana, ya ce 'yan ƙauye ne daga kan duwatsu, aka rubuta su, ya riƙa karɓe ladansu duk mako yana sawa aljihu. Sharaɗi guda ya kafa wa matarsa, kada ta kuskura ta sa musu gishiri a abinci. Ran nan ba ya gida, tausayi ya kama matar, ta kai su kallon biki, ta saya musu alewa mai gyaɗa, ashe gyaɗar da gishiri aka soya ta. Da ɗanɗanar gishirin nan sai suka farga cewa su matattu ne, suka yi wani irin kuka, suka juya suka nufi ƙauyensu, danginsu suna ganinsu suna kiran sunayensu ba su waiwaya ba, har suka isa maƙabarta, kowa ya faɗi a kan kabarinsa yana tonon ƙasa da hannu. Duk wanda ya saurari wannan hikaya da kunnen basira zai ji cewa kukan leburan rake ne, waɗanda wani yake cin guminsu. Amma Amurkawa ba su ji haka ba. Abin da suka ji shi ne hujjar cewa baƙaƙen Haiti matsafa ne da ba za su iya mulkin kansu ba.

Shekara uku bayan littafin, a 1932, Victor Halperin ya fitar da White Zombie, wanda shi ne farkon cikakken fim na wannan fanni, Bela Lugosi ya fito a matsayin matsafi mai matsar rake. Labarin kansa ba shi da wani nauyi, domin damuwarsa duka a kan wata Baturiya ce da aka mai da zombi, kamar dai musibar ba ta zama musiba ba sai da ta taɓa farar fata. Amma akwai wuri guda a cikinsa wanda har yau ban ga kamarsa ba. Wanda ya taɓa zuwa inda ake mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya ga yadda doki yake zagayawa yana juya matsa. To, a nan mutane ne a madadin doki, sun dafa itacen suna zagayawa a hankali, waɗansu kuma a sama suna tafe a jere da kwandunan rake a ka suna juyewa a cikin rami, babu kiɗa, babu magana, sai kukan itace da ƙarfe. Can sai ɗaya daga cikin masu kwando ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin ramin, matsa ta haɗa shi da raken ta niƙe, babu wanda ya ɗaga kai, babu wanda ya tsaya. Tarihin Saint-Domingue gaba ɗaya yana cikin wannan ɗan taƙi.

Wanda ya fi shi daraja nesa ba kusa ba shi ne I Walked with a Zombie na 1943, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni, Val Lewton ya shirya. Labarin wata ma'aikaciyar jinya ce daga Kanada da aka ɗauka ta kula da matar wani mai gandun rake a wani tsibiri, matar tana tafiya amma ba ta magana, ba ta san kowa ba, kuma har fim ya ƙare ba a yanke wa mai kallo hukunci ba ko zazzaɓi ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa ko asiri ne. A tsakar gidan masu gandun an kafa gunkin da ke goshin jirgin da ya kawo bayi tsibirin, kuma an nuna cewa jikokin bayin har yanzu kuka suke yi ran haihuwa, su yi murna ran jana'iza, saboda abin da kakanninsu suka sani game da rayuwa. Babu jini a cikinsa ko ɗigo, tsoronsa duka a cikin inuwa yake da kaɗawar iska a gonar rake da dare, kuma bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba.

Sai kuma shekarar 1968, wadda a cikinta aka juya al'amarin gaba ɗaya. Wani saurayi mai suna George Romero, wanda sana'arsa shirya tallace-tallacen talabijin a birnin Pittsburgh, ya haɗa kuɗi da abokansa, dala 114,000, suka yi Night of the Living Dead, baƙi da fari, a wani tsohon gidan gona. Abin lura shi ne ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar zombi a cikinsa ba. Sunan da aka kira halittun da shi daga Larabci yake, wato gul, aljanin nan mai zama a kufai da maƙabartu, wanda ya shiga harsunan Turai ta hanyar tarjamar Alfu Laila, littafin da muke kira Dare Dubu da Ɗaya. Masu kallo da 'yan jarida ne daga baya suka liƙa musu sunan zombi, sunan kuwa ya zauna. Amma halittar sabuwa ce: ba ta da ubangida, ba ta noma, yunwar naman mutum kaɗai ke tafiyar da ita, wanda ta ciza shi ma ya zama irinta, kuma ba ta faɗuwa sai an fasa kai. Da haka tsoron a mai da kai bawa ya koma tsoron taron da zai cinye ka, kuma duk finafinan da ɗan ƙanwata da abokansa suke gani a yau daga wannan gidan gona suka fito.

Duk da haka Romero bai yar da gadon Haiti ba, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Mutum bakwai ne suka fake a gidan, kuma abin da ya halaka su jayayya ce a tsakaninsu, wani ya ce a tsare sama, wani ya ce a shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aka yi ta musu har bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Jagoransu, Ben, baƙar fata ne, Duane Jones ya fito a matsayinsa, a zamanin da ba a saba ganin baƙi yana ba farare umarni a majigi ba. Shi kaɗai ya kai gari ya waye da rai. Da ya ji haushin karnuka da harbin bindiga, ya leƙo ta taga a hankali yana zaton ceto ya zo, sai wani daga cikin fararen 'yan farauta ya hango motsi, bai tambaya ba, ya harbe shi a goshi, aka jawo gawarsa da ƙugiya aka jefa a kan tulin wuta. An fara nuna fim ɗin a watan Oktoba, wata shida bayan kisan Martin Luther King, kuma da yawa daga cikin Amurkawan da suka gan shi a lokacin sun ga ishara a cikinsa. Saboda kuskuren kamfanin da ya rarraba shi, wanda ya manta da sa alamar haƙƙin mallaka sa'ad da aka sake masa suna, fim ɗin ya zama na kowa, shi ya sa ya yaɗu ko'ina, har a 1999 ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Bayan shekara goma Romero ya dawo da Dawn of the Dead na 1978, inda mutum huɗu suka tsere a jirgi mai saukar ungulu suka sauka a kan wani katafaren rukunin kantuna, suka toshe ƙofofi, suka zauna cikin daular tufafi da abinci da kayan ƙawa ba mai tambayarsu ko anini, su kuwa matattu suna ta tururuwa zuwa wurin suna shafa gilashi, saboda a rayuwarsu nan ne alƙiblarsu. Wa'azi ne a kan kwaɗayin abin duniya, domin masu ran da ke ciki su ma a hankali zukatansu suka mutu cikin wadata. Wanda ya tsara raunuka da jinin fim ɗin, Tom Savini, ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, saboda haka mai raunin zuciya ya yi hattara.

A daidai wannan zamani ne kuma zancen zombin asali ya sake tasowa ta fuskar ilmi. Wani mutumin Haiti, Clairvius Narcisse, wanda likitoci suka tabbatar da mutuwarsa a wani asibiti a 1962 aka binne shi, ya bayyana ga 'yar'uwarsa a kasuwa a 1980, ya ce rigimar gona ce ta sa aka ba shi magani, aka tono shi, aka sa shi noman rake. Wani masanin tsirrai daga jami'ar Harvard, Wade Davis, ya bi sawun labarin, ya wallafa a 1985 cewa garin maganin yana ɗauke da dafin wani kifin teku ɗan'uwan talibambam, mai sandarar da jiki, daga baya kuma a riƙa ɗura wa mutum zaƙami don hankalinsa ya gushe. Masana magunguna da suka auna garin sun yi masa raddi cewa dafin da ke ciki bai kai ya yi wannan aiki ba, kuma wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1997 a kan mutum uku da ake kira zombi ya nuna masu taɓin hankali ne ko raunin ƙwaƙwalwa, biyu daga cikinsu ma gwajin jini ya nuna ba su da nasaba da dangin da suka ce nasu ne. Iyaye ne da baƙin cikin rashi ya sa suka rungumi bare a madadin ɗansu.

Da aka shiga ƙarni na 21 sai tsoron duniya ya koma kan annoba, zombi kuma ya bi. A 28 Days Later na 2002, wanda Danny Boyle ya yi a Ingila, masu cutar ba matattu ba ne, mutane ne da wata ƙwayar cuta ta haukata, kuma ba jan ƙafa suke yi ba, gudu suke kamar an sako kura. Farkonsa, inda wani saurayi ya farka a asibiti ya fito ya iske birnin Landan wayam ba kowa, an ɗauke shi ne da sassafe ana tsai da motoci na 'yan mintoci, ƙarshensa kuwa ya nuna cewa sojojin da aka gudu wurinsu neman tsari sun fi masu cutar sharri. A Sifaniya an yi REC a 2007, labarin mazauna wani bene a Barsalona da hukuma ta kulle su ciki tare da cutar. Amma wanda ya fi taɓa zuciya shi ne Train to Busan na Koriya ta Kudu, 2016, aikin Yeon Sang-ho, wanda fiye da mutum miliyan 11 suka shiga kallonsa a ƙasar. Wani uba ne mai son kansa, ma'aikacin hada-hadar kuɗi, yake raka 'yarsa ƙarama wurin uwarta a jirgin ƙasa, cuta ta ɓarke a cikin taragu, kuma mugun da ke cikin labarin wani babban attajiri ne da ya zuga fasinjoji suka ɗaure ƙofa a fuskar 'yan'uwansu masu rai. Shekara biyu kafin nan jirgin ruwan Sewol ya nutse da mutum 304, galibinsu 'yan makaranta, bayan an ce musu su zauna inda suke, matuƙin kuwa ya tsira da kansa. Mutanen Koriya sun san wa ake nufi.

Kalmar da ta bar Afirka a cikin jirgin bayi ta komo gida daga bisani. A 1976 Fela Kuti ya sa wa faifansa suna Zombie, yana siffanta sojan da ke bin umarni ba tunani, kuma a watan Fabrairu na 1977 sojoji suka afka wa gidansa a Legas suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, raunin da ya zama sanadin rasuwarta a shekarar da ta biyo baya. A kudancin Kamaru, yankin da Jamusawa suka kafa manyan gandaye, akwai imanin nyongo, cewa waɗansu masu kuɗi suna kashe danginsu su sa su aiki a ɓoye a kan dutsen Kupe, wanda kusan shi ne labarin Haiti da wani harshe. A majigi kuwa, C. J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, inda cutar ta fito daga gurɓataccen ruwan sha na wata unguwar talakawa a Legas, sa'an nan Mati Diop ta yi Atlantique a 2019, wanda ya ci ɗaya daga cikin manyan kyaututtuka a bikin finafinai na Cannes: leburori ne a Dakar da mai gini ya hana su ladan wata da watanni, suka shiga kwalekwale suka nufi Turai, teku ta cinye su, ruhinsu ya dawo ya hau 'yan matan unguwa, suka je falon attajirin da dare suka zauna suna neman haƙƙinsu. Wannan ya fi kusa da hawan iska a kan tashin gawa, amma a wurina shi ne magajin hikayar gishiri na haƙiƙa.

Da na kawo nan sai ɗan ƙanwata ya ce, "To, Kawu, da wanne zan fara?" Na ce ya fara da I Walked with a Zombie don ya ga tushe, ya bi da Night of the Living Dead don ya ga inda aka juya, sa'an nan Dawn of the Dead in zuciyarsa tana ɗaukar jini, sai 28 Days Later, sai Train to Busan, ya rufe da Atlantique, White Zombie kuwa ko don wurin matsar rake kaɗai ya neme shi. Na kuma gargaɗe shi da abu uku: kada ya kalle su a gaban ƙananan yara, kada su shagaltar da shi daga salla, kuma kada yawan ganin ana wulaƙanta gawa a allo ya rage masa ganin alfarmar mamaci, wadda addini da al'ada suka haɗu a kan kiyaye ta. Sauran ɗaruruwan da babu kome cikinsu sai yanka da fasa kai, na ce ya bar su, domin ɓata lokaci ne da ƙeƙasar da zuciya.

Ma'aunin da na ba shi, shi zan ba mai karatu. Fim ɗin zombi na kirki shi ne wanda in ka gama shi za ka iske ba matattu ne suka fi ba ka tsoro ba, masu rai ne: mai gandun da bai tsai da matsa ba, da maharbin da bai tambaya ba, da attajirin da ya ɗaure ƙofa. Mutanen da suka fara ba da wannan labari bayi ne, a cikinsu har da Hausawa, kuma abin da suke roƙo bai wuce a bar su su huta ba. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka kashe allo ka tashi, ka dubi waɗanda ke ƙarƙashin hannunka, yaron shago ne, ko 'yar aiki, ko lebura a gona, ka biya su haƙƙinsu a kan kari, ka bar su su huta in sun gaji, ka kira su da sunansu. Allah Ya kiyashe mu da cin gumin wani, Ya sa mu cika da imani.